Yadda rashin barci ke taɓa ƙwaƙwalwa: abin da ya same ni a kara, da abin da masana suka gano

Saura kwana goma Babbar Sallah, shekara biyu da suka wuce, na rako shanun mahaifina daga Arewa zuwa Legas. Duk wanda ya taɓa rakiya ya san aikin. Kana saman tirela, ƙafarka a maƙale jikin ƙarfe, idonka na kan dabbobi, domin da zarar sa ɗaya ya faɗi ba a tashe shi ba, 'yan uwansa za su tattake shi ya zama mushe. Muka yi dare biyu a hanya, ta Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, har muka sauka. Ban yi barcin da ya kai awa uku ba a duk tafiyar. Da muka sauke kaya kuma sai aka ce yaron da ke gadin dare ya tafi gida, ni zan riƙe. Da rana ciniki, da dare gadi, goro a baki, shayi mai kauri a hannu.

A dare na biyar na fara jin ana kiran sunana ta bayan bujimai. In haska tocila, ba kowa. Da safe na ƙirga kuɗin ciniki sau huɗu, kowane ƙirge daban yake fitowa. Nan take zuciyata ta raya min cewa dillalinmu ne ya zare wani abu, dattijon da ya yi shekara ashirin yana hulɗa da Baba ba a taɓa jin kansu ba. A gaban mutane na ɗaga masa murya na kira shi maci amana. Baba ya zo ya karɓi kuɗin ya ƙirga a gabana, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce an yi min asiri, wasu kuma suka fara raɗa cewa ƙwaya nake sha. Wani ƙanin Baba da ke aikin jinya ne ya ja ni gefe ya ce, "Kai, yaushe rabonka da barci?" Na tsaya lissafi na kasa ba shi amsa. Ya kai ni ɗakinsa, ya karɓe wayata, ya rufo ƙofa. Na yi barcin wajen awa goma sha huɗu. Da na tashi muryoyin sun tafi, sai kunyar abin da na yi wa dattijon nan, wadda har yau ba ta gama sakina ba duk da ya ce ya yafe.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan magana, ina karantawa ina tambayar ma'aikatan lafiya. Na ga ya dace in kawo ta nan, saboda in ka duba sana'o'in da mutanenmu ke yi a Kudu, yawancinsu barci suke ci. Mai gadi, mai tsire, mai shayi, direban tirela da yaronsa, ɗan dako a Mile 12, mahaucin da ke tashi ƙarfe uku ya tafi kwata, mai acaba da ke kwana a kan babur. Muna kallon hakan a matsayin jarumta, har ana yabon mutum a ce "wane ai ba ya barci."

Me ƙwaƙwalwa ke yi idan muna barci?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka barci kamar kashe inji ne. Ba haka abin yake ba. Ƙwaƙwalwa na aiki a lokacin, kuma aikin yana tafiya ne zagaye-zagaye. Kowane zagaye yana ɗaukar kamar minti 90, mutum kan yi huɗu zuwa shida a dare. A cikin zagayen akwai barci marar nauyi, akwai mai nauyi wanda in an tashe ka daga cikinsa sai ka yi ta magagi, sannan akwai barcin mafarki, wanda a cikinsa idon mutum ke ta motsi a ƙarƙashin fata. Wasu masana biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, su ne suka fara bayyana wannan barcin mafarkin a 1953.

Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare. A nan jiki ke gyara gajiya, ƙwaƙwalwa kuma ta adana abin da aka koya da rana. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma yana da hannu sosai wajen daidaita abin da ya shafi zuciya, kamar ɓacin rai da tsoro. Ke nan wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi ƙarfe huɗu, ba tsawon lokaci kawai ya rage ba. Ya yanke wani aiki ne guda da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ga yi ba.

Abubuwa biyu ke jawo barci. Na farko wani sinadari ne da ake kira adinosin, yana taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da ka farka, yawansa ne ke sa ka hamma da gyangyaɗi, kuma barci ne ke rage shi. Na biyu agogon jiki ne da ke bin haske da duhu. Idan duhu ya yi, jiki na sakin sinadarin melatonin don a shirya kwanciya. Haske mai ƙarfi da dare, har da na wayar da muke ƙura wa ido, yana jinkirta wannan.

Game da adadi, ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun fitar da matsaya a 2015 cewa baligi na buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare. Matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, yara 'yan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12.

Saurin fushi da zargin mutane

Abin da na yi wa dillalinmu yana da bayani. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira amigdala, shi ne kamar maigadin gida, da ya ga alamar haɗari sai ya yi kururuwa. A sashen gaba kuma, bayan goshi, akwai wurin da ke auna abu ya ce a dakata tukuna. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Matthew Walker na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sun hana wasu matasa barci na kusan awa 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Suka ga amigdalar waɗanda ba su yi barci ba ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin 100, kuma alaƙarta da sashen gaban nan ta yi rauni. Maigadi na ta ihu, maigida kuma ba ya kusa.

Wannan ne ya sa wanda bai yi barci ba ƙaramar magana ke zame masa babba. Wani ya kalle shi, sai ya ga raini. Fasinja ya nemi ragin naira ɗari, sai faɗa. Ya koma ɗaki, matarsa ta tambayi kuɗin cefane, sai zagi. Mu da muke zaune a garin da ba namu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya san yadda cacar baki tsakanin mutum biyu a kasuwa ke iya juyewa ta zama rikicin ƙabila, a rufe kasuwa, a yi asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

Mantuwa, kuskuren lissafi da haɗarin hanya

A 1997 wasu masana a Ostireliya, Dawson da Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba giya. Suka gano cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hannunsa da lurarsa sun yi ƙasa daidai da na wanda giya ta fara hawa kansa. Ku lissafa da ni. In ka tashi ƙarfe biyar na asuba, awa 17 ta cika ƙarfe goma na dare. A lokacin ne wani direban ke tada mota daga Ibadan zai nufi Arewa. Mutumin da ko warin giya ba ya so, ga shi yana tuƙi da ƙwaƙwalwa irin ta wanda ya sha.

Akwai kuma ɗan barcin sata na daƙiƙa biyu zuwa biyar, wanda ke zuwa wani lokaci ido a buɗe, mutum bai ma san ya yi ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kamar mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa huɗu kusan tsawon filin ƙwallo ke nan, tirela cike da shanu da mutane tana tafiya ba mai riƙe da ita. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma a kan hanya ya fi yin ɓarna.

Wani zai ce shi ya saba, awa biyar ta ishe shi. Ni ma haka nake cewa a da. A 2003 an yi wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania, aka taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 kullum har kwana 14. A ƙarshe lurarsu ta lalace kusan kamar ta wanda ya yi dare ɗaya ko biyu cur bai runtsa ba. Abin mamakin, da aka tambaye su sai suka ce ba sa jin wani barci sosai. Wato ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta iya auna gajiyarta. Mutum na ganin kansa garau, amma yana ba da canji fiye da ƙima, yana mance wa ya ba bashi, yana yarda da cinikin da in da ya huta ba zai yarda ba.

Damuwa da fargaba

A da likitoci na ɗaukar rashin barci a matsayin alamar ciwon tsananin damuwa kawai. Yanzu an gane abin hanya biyu ne. Damuwa na hana barci, rashin barci kuma na buɗe wa damuwa ƙofa. A 2011 an tattara bincike da dama da suka bi mutane na tsawon lokaci, aka ga masu fama da rashin barci sun ninka waɗanda ke barci lafiya kusan sau biyu wajen yiwuwar kamuwa da ciwon tsananin damuwa.

Yadda abin ke tafiya a wurinmu kowa ya sani. Ka kwanta, sai tunani ya taso. Kuɗin haya, bashin da ka ci ka sayi kaya, an kira daga gida an ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke kusa, an kama maka babur, mahaifiya ba lafiya. Ka yi ta juyi har a kira sallah. Washegari jikinka a mace, ciniki bai yi ba, damuwar ta ƙaru, daren ma ya zama kamar na jiya. In aka daɗe a haka sai mutum ya daina jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, ya janye daga majalisa, ya riƙa ganin ba shi da amfani. Wani kuma faɗuwar gaba ce ke damunsa, zuciya na bugawa ba dalili, ko ƙarar waya ta firgita shi.

Kada mu manta da matanmu. Mai jego da ke tashi sau biyar a dare, a ɗaki ɗaya, nesa da uwa da 'yan uwan da za su karɓi jariri ta ɗan runtsa, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. In ka ga tana kuka ba dalili ko ta daina kula da kanta, kada ka ce shagwaɓa ce. Ka karɓi yaron ko ka nemo mai taya ta, in abin ya ci gaba a je asibiti.

Gane-gane da jiye-jiye

Wannan shi ne wanda ya fi ruɗa mutane. A ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a San Diego ta Amurka, Randy Gardner, ya yi kwana 11 ba barci, kimanin awa 264, don gwajin makaranta. Cikin 'yan kwanaki ya fara saurin fushi, mantuwa, zargi, da ganin abin da babu. Lafiyayyen yaro ne, ba ya shan komai. Da ya samu barci hankalinsa ya dawo.

Ni ban zo in yi jayayya da kowa kan iska ko sammu ba, kuma addu'a ba ta taɓa zama laifi ba. Roƙona ɗaya ne. Idan ɗan uwa ya fara sambatu ko ya ce yana jin muryoyi, kafin a ɗaure shi ko a saka shi a mota a mayar da shi gida, a tambaya kwana nawa ya yi bai yi barci ba, kuma me yake sha. In ya samu barci mai kyau abin bai tafi ba, to maganar likita ce.

Akwai wani yanayi kuma da ya kamata a lura da shi. Mutum ya yi kwanaki yana barcin awa biyu ko uku amma ba ya jin gajiya ko kaɗan, yana surutu ba tsayawa, yana rabon kuɗi, yana shirya manyan harkoki da ba su da kai. Wannan na iya zama alamar ciwon da ke sa yanayin mutum ya yi sama sosai sannan ya faɗo ƙasa sosai. Rashin barci na tayar da shi, kuma yana da magani a asibiti.

Abin da muke sha don mu kore barci

Goro, shayi, Nescafe da lemukan ƙarin kuzari duk suna da kafeyin. Abin da kafeyin ke yi shi ne toshe wurin da adinosin ke sauka a ƙwaƙwalwa. Gajiyar na nan, an dai hana ka jin ta, kamar mai bashi ne aka ce masa maigidan ba ya nan. Kuma kafeyin na daɗewa a jiki, bayan kamar awa biyar rabinsa bai fita ba. Wanda ya sha kofi mai kauri ƙarfe tara na dare, rabinsa na yawo a jininsa ƙarfe biyu.

Daga nan ne wasu ke zamewa. Da safe tramadol don a samu ƙarfin aiki, da dare diazepam ko maganin tari mai kodin don a samu barci. Gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma mun san har yanzu ana samu a ɓoye. Tramadol mai yawa na sa farfaɗiya. Haɗa shi da ƙwayar barci na iya tsayar da numfashi. Kuma irin barcin da ƙwaya ke kawowa ba ya gyara ƙwaƙwalwa kamar na Allah da Annabi. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci kada ya yanke ta dare ɗaya da kansa, hakan ma haɗari ne, likita ne zai rage masa a hankali.

To me za mu iya yi?

Na san wasu shawarwarin da ake karantawa ba da mu ake ba. Wanda ke kwana da mutum takwas a shago, ga zafi, ga sauro, ga janareton maƙwabci, ba za a ce masa ya nemi ɗaki mai sanyi marar hayaniya ba. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na farko shi ne karɓa-karɓa. Bayan abin da ya faru, Baba ya kafa doka cewa wanda ya yi rakiya ba ya gadi a daren da aka sauka, kuma ba ya riƙe kuɗi sai ya kwana. Iyayen gida da shugabannin kasuwa su duba wannan, ladan mutum ɗaya da za a ƙara bai kai asarar sa ɗaya ba. Masu tirela kuma su daina matsa wa direba ya juya a daren da ya iso.

Na biyu, a tsayar da lokacin kwanciya. Tunda yawancinmu asuba muke tashi, gyaran yana wajen dare ne. Hirar teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo da TikTok su ne ke cinye awa biyu zuwa uku ba mu sani ba. A ajiye waya nesa da tabarma. Goro da shayi mai kauri a tsayar da su daga azahar, in ba aikin dare za a yi ba.

Na uku, ƙailula. Minti 20 zuwa 30 bayan azahar na wartsakar da mutum sosai. In ta yi tsawo ko ta kai yamma, sai ta ɓata barcin dare. Mai aikin dare kuwa ya ɗauki barcin rana da muhimmanci, ya rufe ido da ƙyalle, ya toshe kunne, ya gaya wa abokan zama kada a tashe shi sai da dalili. Gidan sauro ma magani ne, don wanda ke marin kansa duk dare ba barci yake ba.

Direba in ka ji ido na nauyi, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka samu wuri mai tsaro ka tsaya. Wanke fuska da ƙure rediyo ba sa hana barcin sata.

Yaushe za a je asibiti?

Idan kana kasa barci dare uku ko fiye a sati har wata uku, alhali kana da damar kwanciya. Idan abokan kwana na cewa kana minshari mai ƙarfi, numfashinka na ɗaukewa sannan ka zabura, kuma kana tashi a gajiye da ciwon kai, domin wannan ciwo ne mai alaƙa da hawan jini. Idan baƙin ciki ko fargaba sun wuce sati biyu ba sa ɗagawa. Idan kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, kada a jira gobe, a gaya wa wani na kusa a tafi asibiti a ranar.

Za a iya farawa da babban asibitin da ke kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba da ke Legas, Aro a Abeokuta, Uselu a Benin, da kuma Enugu da Kalaba. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, mutane da yawa na zuwa su ga likita su koma bakin sana'arsu a ranar. Tun Janairun 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura. In Turanci ko Yarbanci zai ba ka wahala, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta. Kuma ba kullum ƙwaya ake bayarwa ba, maganin da likitoci suka fi fara ba da shawara a kai ga rashin barci mai daɗewa shi ne zama da ƙwararre ya koya maka gyara tsarin kwanciya da tunanin da ke hana ka barci.

Neman halal ne ya kawo mu Kudu, kuma akwai bakuna da yawa a gida da ke jiran abin da za mu aika. In kan mutum ya taɓu, aiken ya tsaya, sai ma a koma ana haɗa masa kuɗin mota. Kakarmu kan ce ba a cin bashin barci, ni kam na ci na ga yadda ake biya. Idan lokacin lodin Sallah ya ƙarato, iyayen gidanmu ku dubi yaranku. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.